Yadda Ake Duba Bayan Ƙaramin Yaro Idan Ana Zargin Ya Karkace, da Yadda Ake Kai Shi Ga Likitan Ƙashi

Yawanci wajen wanka ake fara gani. Uwa ta zaunar da yaro a baho, ta juya shi za ta cuɗa masa baya, sai ta ga kafaɗa ɗaya ta ɗara 'yar'uwarta, ko haƙarƙarin gefe guda ya yi tudu. Ta shafa, ta ce ƙila zaman ne bai yi daidai ba. Kashegari ta sake gani. Daga nan barci ya ƙaurace mata.

Na yi shekaru ina aikin jinya a ɓangaren yara, kuma har yanzu da na ajiye aiki matan unguwarmu a cikin birnin Zariya ba su daina sallama da goyo ba: "Sista, don Allah duba min bayan yaron nan." Wasu nakan duba in ce su koma su kwantar da hankali. Wasu kuwa mayafi nake ɗauka in raka su asibitin koyarwa na Shika. Abin da ya fi ci mini rai a wannan lamari shi ne watannin da ake ɓatawa tsakanin ranar da uwa ta fara gani da ranar da likita zai gani, alhali ƙashin yaro ɗan shekara ɗaya ko biyu ɗanye ne, a lokacin ya fi karɓar gyara.

Ga abu kaɗan da ya kamata ki sani kafin ki fara. Ƙashin baya jerin ƙananan ƙasusuwa ne guda 33, wani bisa wani, daga ƙeya zuwa tsakanin ɗuwawu. In kin kalli mutum ta gefe za ki ga bayansa yana da lanƙwasa ta halitta. In kin kalle shi ta baya kuwa, ya kamata jerin ya sauko a miƙe. Yaron da ya fara tafiya, ɗan shekara ɗaya zuwa uku, yakan turo ciki gaba ya ɗan gantsare, wannan ba ciwo ba ne, yana gyaruwa in naman cikinsa ya yi ƙarfi. Haka jaririn da ke koyon zama, bayansa yakan yi kamar baka, da an kwantar da shi rub da ciki sai ya miƙe. Abin da muke nema shi ne karkacewa zuwa dama ko hagu, wadda likitoci ke kira sikoliyosis, ko doro da ba ya bajewa ko an kwantar da yaro.

Kayan da za ki tanada

Wuri mai haske, kamar tsakar gida da hantsi, da daɓe ko siminti mai daidai. Kada a tsayar da yaro a kan katifa, za ta ruɗe ki. Waya mai kyamara. Ɗan alli da aka jiƙa, don ya fi fitowa a fatarmu, in babu ki kwaɓa farar hoda da ruwa. Zare kamar kamu biyu da makulli ɗaure a bakinsa. Ƙaramin littafi da biro. Katin riga-kafin yaron. Sai mutum na biyu, babansa ko yayarsa, wanda zai tsaya a gabansa ya ɗauke masa hankali da wani abin wasa. Ki zaɓi lokacin da ya ƙoshi kuma ba ya jin barci, yaro mai kuka yakan murɗe jiki ya nuna miki karkacewar da babu ita.

1. Duba shi a tsaye

Ki tuɓe shi, ya tsaya babu takalmi, ƙafafu a haɗe, ke kuma ki durƙusa a bayansa yadda idonki zai yi daidai da tsakiyar bayan. Ki bi da kallo daga sama: kunnuwa, kafaɗu, allon kafaɗa, lotsawar ƙugu ta kowane gefe, sai layin da ke ƙarƙashin ɗuwawu. Kowane ki gwada dama da hagu. Sannan ki sa yatsa a ƙashin da ya fi fitowa a gindin wuya, ki gangaro kina lalubo 'yan tudun da ke tsakiyar baya, kina ɗiga alli a kan kowane. In kin gama ki ja da baya ki kalli ɗigon. Ki ɗora zaren a gindin wuyan ki saki makullin, in baya daidai yake zaren zai bi ɗigon ya faɗa tsakanin ɗuwawu.

Kuskuren da aka fi yi shi ne yanke hukunci da dubawa ɗaya. Ƙaramin yaro ba ya tsayuwa wuri guda, yakan jingina nauyinsa a ƙafa ɗaya. Ki maimaita sau uku a ranaku daban. In har yaron bai fara tsayuwa ba, a zaunar da shi a kan benci a riƙe masa hannuwa ta gaba.

2. Sunkuyar da shi

Wannan shi ne gwajin da na fi dogara da shi. Ƙashin da ya karkace ba gefe kawai yake tafiya ba, yana murɗawa kamar igiya, sai ya turo haƙarƙarin gefe guda baya. In yaro ya sunkuya sai tudun ya fito fili. Ki ajiye dabino ko biskit a ƙasa tsakanin ƙafafunsa ki ce ya ɗauka da hannu biyu, ke kina kallon saman bayansa daga baya kamar mai duba ko faifai ya zauna daidai. In ya ƙi, ki kifa shi a kan cinyoyinki, kai ta nan ƙafafu ta can, ki leƙa ta wajen kansa. Gefe ɗaya ya fi tudu? Ki rubuta wane gefe ne, sama ko ƙasa.

3. Kwantar da shi

Rub da ciki a kan tabarma. In lanƙwasar da kika gani a tsaye ta ɓace sarai, da alama daga tsayuwa ne ko daga ƙafa. Ki juya shi rigingine, ki miƙe ƙafafun ki haɗa diddige, ki ga ko ɗaya ta fi tsawo. Ƙafa gajera, ko matsala a gaɓar ƙugu, takan sa baya ya karkata alhali shi ƙashin bayan lafiyarsa ƙalau. Wannan ma likitan ƙashi ne zai duba, amma hanyar maganinsa daban.

4. Bi sauran jikin

Ki duba ƙasan baya da kyau: akwai curin gashi, ko rami mai zurfi, ko kumburi mai taushi, ko wani tabo da aka haife shi da shi a kan layin tsakiya? Irin waɗannan kan nuna cewa akwai abin da bai haɗu daidai ba tun yana ciki. Sai ki duba wuyan hannu ko ya yi kauri, ƙafafu ko sun yi gwame ko sun buɗe kamar baka, haƙarƙari ko za ki ji ƙulle-ƙulle a jere kamar carbi, da maɗiga ko har yanzu ba ta rufe ba bayan shekara biyu. Waɗannan alamun laushin ƙashi ne, ciwon da muke gani sosai a ƙasar nan, kuma yana sa doro in yaro ya zauna. Binciken da aka yi a Jos ya nuna cewa a wajenmu ƙarancin sinadarin kalsiyam mai gina ƙashi a abinci shi ne babban dalili, ba rashin hasken rana ba, tun da rana dai ba mu rasa ta ba. Yaron da aka yaye aka bar shi da koko da tuwo kawai, babu nono babu madara, shi ne ya fi shiga wannan hali. Yana warkewa da magani da gyaran abinci: kindirmo, madara, ƙananan kifi da ake ci da ƙayarsu, riɗi, miyar kuka da zogale.

5. Alamun da ba a kwana da su

A nan zan daɗe, don a nan ake asara. In abin da kika lalubo tudu ne mai tsini a wuri guda a tsakiyar baya, kamar gaɓar yatsa in an dunƙule hannu, to ki kawo tarin fuka na ƙashin baya a ranki. Mutane da yawa sun ɗauka tarin fuka a huhu kaɗai yake zama. Ƙwayar cutar tana bin jini ta sauka a ƙashin baya, ta cinye gaban ƙashi ɗaya ko biyu, su rufta, baya ya karye gaba. Da yawa daga cikin masu ƙusumbi da muka taso muna gani a gari, da wannan ciwon ya fara musu suna yara. Kuma yaron ba lallai ya yi tari ba.

Yadda yake nuna kansa: yaro ya riƙa farkawa da kuka cikin dare, ya ƙi yarda a lanƙwasa shi, yana tafiya a sandare, in zai ɗauki abu a ƙasa ya tsuguna yana dafa gwiwa maimakon ya sunkuya. Ga zazzaɓi mai zuwa yana komawa, ga zufa da dare, ga rama, an yi ta ba shi maganin maleriya babu sauƙi. Ki tambayi kanki ko akwai mai tsohon tari a gidan, ko kaka ce, ko wani da ke kwana a zaure.

Na taɓa raka wata yarinya 'yar shekara uku da aka yi wata biyar ana shafa mata magani a kan irin wannan tudun, ana cewa faɗuwa ta yi daga gado. Ranar da aka kawo mini ita ta kwana huɗu ba ta taka ba. An yi sa'a, da ta hau magani ƙafafun suka dawo, amma doron ya zauna. Da an zo da wuri da bai kai haka ba. Har yau in na gan ta za ta wuce Islamiyya sai na tuna watanni biyar ɗin nan.

Maganin tarin fuka kyauta ne a cibiyoyin da gwamnati ta ware, kuma mu a Zariya muna da babbar cibiyar horarwa kan tarin fuka da kuturta a Saye. Na ƙashin baya ana shan maganinsa wata 12, ba shida ba kamar na huhu, kuma ba a tsallake rana ko yaro ya yi ƙiba ya koma wasa.

Sauran abubuwan da za su sa ku tashi a ranar, ko da dare ne, ku nufi sashen gaggawa na yara: yaron da yake tafiya ya daina, ƙafa ta saki ko yana jan ta, fitsari ya ƙi fita ko yana zuba ba da saninsa ba bayan ya riga ya iya riƙewa, ko numfashi yana yi masa wuya.

6. Ɗauki hoto, ki rubuta

In babu alamar gaggawa, ki ɗauki hoto uku: ta baya a tsaye da ɗigon allin, ta gefe, da a sunkuye. Ki lura da inda kika tsaya da inda ya tsaya, don wata mai zuwa a nan za ki sake ɗauka. A littafin ki rubuta ranar da kika fara lura, watannin da ya yi kafin ya zauna da kafin ya yi tafiya, ko an sha wahala wajen haihuwarsa, ko ya yi shawara mai tsanani yana jariri, ko yana da sikila, ko akwai mai irin wannan bayan a dangin uwa ko uba. In ba ki da waya mai kyamara, ki ari ta maƙwabciya, in ba ki iya rubutun boko ba ki rubuta da ajami ko ki sa a rubuta miki. Likita yana da mutane da yawa a layi, uwar da ta zo da bayani a tsare ta fi samun amsa mai gamsarwa. Hoton ba don a zauna ana jira ba ne, in kin tabbatar da tudu a gefe guda, a makon nan za a tafi.

7. Shawo kan gida

Za ki ji maganganu. "Goyo ne ya yi yawa." "An zaunar da shi da wuri." "Iska ce." "Ai ubansa ma haka ya yi, ya miƙe." Ki sani goyo ba ya karkatar da ƙashin baya, da yana yi da babu Bahaushe mai miƙaƙƙen baya. Kada ki ɗora wa kanki laifi, kada ki bari a ɗora miki. Ki nuna wa maigida hoton da ke wayar, ido ya fi kunne saurin yarda. Surukarki kuma ki bi ta da ladabi: "Hajiya, so nake a yi masa hoto kawai mu san abin da ke ciki, in ya so sai ku ba mu shawara." Sau da yawa in aka tafi da ita asibitin ita ce ke komawa mai tunatar da ranar dawowa.

Abu ɗaya ne ban yarda a sassauta a kansa ba: kada a kai wannan bayan wurin mai ɗori, kada a ja, kada a danna, kada a ɗaure da kara, kada a yi tsaga ko sakiya. A cikin ƙashin nan laka take, wadda ke ɗauke da saƙon motsi zuwa ƙafafu. In tarin fuka ya riga ya cinye ƙashin, danna guda na iya nakasa yaro har abada. Addu'a da tofi kuwa a yi ta yi, ba su hana zuwa asibiti.

8. Hanyar asibiti

Ki fara da asibitin da ya fi kusa, na unguwa ko Asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan, ko Cibiyar Lafiyar Yara ta Banzazzau. Ki faɗi abin da kika gani a taƙaice, ki nuna hoto, ki roƙi takardar turawa zuwa likitan ƙashi. In wanda ya duba ya ce babu komai alhali bai tuɓe yaron ba, ki ce cikin girmamawa, "Likita, don Allah a cire rigar a sunkuyar da shi a gani." Haƙƙinki ne.

Likitocin ƙashi suna Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, gaba da Samaru a kan hanyar Funtuwa. Kowane sashe yana da ranakun da yake ganin marasa lafiya na waje, don haka a bincika ranar kafin a kashe kuɗin mota. Ku fita bayan sallar asuba. Ku riƙe takardar turawa, katin riga-kafi, littafin nan, katin inshorar lafiya in akwai, ruwa, abincin yaro, kayan canji, da kuɗin yankar kati da na hoto. Ku je ku biyu, ɗaya na bin layin biya ɗaya na riƙe da yaro. In kuɗi sun gaza, ku tambayi ofishin jin daɗin marasa lafiya, kuma ku faɗa wa likita gaskiya don ya ware gwajin da ba ya jira daga wanda zai iya jira. In aikin ya fi ƙarfin nan, ko kayan aikin babu, akan tura mutum Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda ƙashi ne babbar sana'arsa.

9. Hoton ƙashi da tambayoyin da za ki yi

Za a yi hoton ƙashin baya gaba ɗayansa, ta baya da ta gefe, a tsaye in yaron yana iya tsayuwa. In kina da ciki, ko kina zargi, ki faɗa kafin a shiga ɗakin hoton, babansa ya riƙe shi. A kan hoton likita zai auna girman lanƙwasar da digiri. Ƙasa da digiri 10 ba a ma kiran ta karkacewa. Ki tambayi lambar ki rubuta da kwanan wata, don da ita za a gwada hoto na gaba. Ki ɗaga hoton a jikin taga ki ɗauke shi da waya, takarda na ɓata.

Sai ki tambaya: wane iri ne? Akwai wanda aka haifi yaro da shi saboda wani ƙashi ya fito rabi ko biyu sun manne. A irin wannan akan duba ƙoda da zuciya, don lokaci guda ake halittarsu da ƙashin baya a farkon ciki, kada ki yi mamaki in an tura ku hoton ciki. Akwai wanda raunin jijiya ko na ƙwaƙwalwa ke kawowa. Akwai kuma wanda ba a gano dalilinsa, mai bayyana kafin shekara uku, ya fi samun maza, kuma da yawansa yakan miƙe da kansa. Amma hoto da awo ne ke raba mai miƙewa da mai ƙaruwa, ba kallon ido ba. In lanƙwasar ta kai digiri 20 ko ta wuce, akan nemi hoton MRI don a duba lakar. Yana da tsada kuma sai an sa yaro barci, ki nemi a gaya miki da wuri don a fara tanadi.

Tambaya ta ƙarshe kafin ki tashi: yaushe za mu dawo, kuma me zan gani in dawo kafin ranar?

10. Abin da zai iya biyo baya

In an ce a jira a sake hoto bayan wata huɗu ko shida, wannan ma magani ne, ba kora ba ce. Kuskuren da iyaye ke yi shi ne su ji "babu damuwa yanzu" su ɗauka an sallame su, sai bayan shekara uku su dawo da baya ya ninka.

In tana ƙaruwa, akwai hanyar sa wa yaro rigar siminti daga ƙirji zuwa ƙugu. Ana sa shi barci, a gyara murɗewar a hankali, a naɗa, a yanke taga a ciki don numfashi da abinci, a riƙa canzawa duk bayan wata biyu zuwa uku. Ta fi aiki in an fara kafin shekara biyu, shi ya sa nake ta nanata sauri. Ba kowane asibiti ke yin ta ba, ki tambaya kai tsaye ko ana yi, in ba a yi ina ake yi. Akwai kuma rigar roba mai tauri da ake aunawa a jikin yaro, ana cirewa a yi wanka a mayar. Kada a sayi ta kasuwa, kada a ari ta wani yaro. Tiyata sai in waɗannan sun gaza ko lanƙwasar ta yi tsanani, kuma dalilinta ba kyan gani ba ne kawai: huhun yaro yana ci gaba da girma har wajen shekara takwas, ƙirjin da ya murɗe yana hana shi wuri. Gashin ƙashi yana taimaka wa yaron da jikinsa ya yi rauni, amma tausa kaɗai ba ta miƙe ƙashin da ya murɗe.

11. Kula da mai siminti ko riga a gida

Zafin Maris da Afrilu shi ne babban gwaji. Ki ajiye shi a inuwa, ki yawaita ba shi ruwa, ki riƙa goge inda hannu ke kaiwa da tsumma mai ɗanshi ba tare da simintin ya jiƙe ba. Kada a zuba hoda ko mai a ciki, suna dunƙulewa su ci fata. In yana ƙaiƙayi kada a zura tsinken tsintsiya, a yi masa fifita ta bakin simintin. Ki lura kada ya cusa tsakuwa ko gyaɗa a ciki, yara suna yi. Abinci kaɗan-kaɗan sau da yawa ya fi cika ciki lokaci guda. Kowace safiya ki duba hammata da ƙugu inda bakin simintin ko rigar ke gogar fata, ki kuma sansana. Wari, ko ruwa na fitowa, ko amai da ya ƙi tsayawa, ko numfashi sama-sama, ko hannu da ƙafa sun yi sanyi, duk na komawa asibiti ne a ranar.

Ki bar shi ya yi wasa da 'yan'uwansa, ya yi rarrafe, ya yi gudu in zai iya, sai abin da likita ya hana da bakinsa. Ranar dawowa kuma ki rubuta ta a bangon littafin, ki sa a waya, ki faɗa wa mutum biyu a gidan. Daren ranar ki haɗa tsofaffin hotunan ƙashin duka a jaka ɗaya, don sabon hoto ba ya faɗin komai sai an ajiye shi kusa da na baya.